Rabon Awaki

Motar gero ba ta gama tsayawa a ƙofar masana'antar ba, Tattalau ya riga ya san nauyinta, ya san danshin hatsin da ta ɗauko, har gonar da aka sussuke shi ya sani. Hannuwan ƙarfe suka sauko daga rufin sito suka shiga sauke buhuna. Can ciki injin niƙa ya ƙara gudu da kansa, saboda Tattalau ya duba yanayi ya ga gobe rana za ta buɗe, in kuwa rana ta buɗe mutanen Funtuwa fura suke nema, ba kunu ba. Ya rage wuta a ƙarƙashin tukwanen gyaɗa, ya ƙara wa rumbun nono sanyi, ya aika wa masu kantuna saƙo cewa kayansu na hanya. Duk wannan kafin Hajiya Hansatu ta ajiye jakarta a ofis.

Tattalau ba mutum ba ne, duk da kowa "shi" yake ce masa. Manhaja ce ta tafiyar da masana'antun abinci da abin sha, irin wadda ta zama ruwan dare a zamanin da ake wannan labari, lokacin da Funtuwa ta cika ta tumbatsa, jirgin lantarki yana bi ta saman rufin gidaje, amalanke kuma yana tafiya ba mai turawa. Ba shi da jiki. Yana cikin ma'aunai, yana cikin bututai, yana cikin ƙananan idanun gilashi da aka dasa a kowane lungu na masana'antar. Shi ke sayen hatsi, shi ke tsara haɗi, shi ke sanin yawan zoɓon da za a sha a Malumfashi ran kasuwa. Kamfanin da ya ƙera shi ya sa masa wani dogon suna da ba wanda ya iya riƙewa, sai ma'aikata suka raɗa masa Tattalau, don aikinsa ke nan, tattali. Ƙwayar gero ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ya ƙyale ta.

Hansatu ce ta kawo shi, kuma ba ta ɓoye alfaharin da take yi da shi. Ita ce 'yar farin marigayi Alhaji Mudi, wanda ya kafa Masana'antar Mudi da Iyali da 'yan tukwane da injin markaɗe guda. Ta yi karatun injiniya na sarrafa abinci, ta dawo gida ta tarar da abin da ya riƙa ci mata rai, wato asara. Kullum ta Allah sai buhunan garin kunu sun fashe. Kullum sai an samu furar da aka ce ta yi tsami, sai an samu garin ɗanwaken da aka ce ya sha danshi. Da yamma a tara su a ƙofar baya, mutanen layin da ke bayan katanga su zo su kwashe su kai wa dabbobinsu. Layin Awaki ake ce wa wurin, don a duk faɗin birnin nan mai benaye, nan ne kaɗai za ka bi ka ga kowane gida da akuya ɗaure a zaure. In ta yi wa mahaifinta ƙorafi sai ya yi dariya ya ce ta ƙyale ma'aikatan nan, hannun mutum ne, ba ƙarfe ba.

To, Alhaji ya rasu, ita kuwa ta kawo ƙarfen. Ta sallami tsofaffin masu ɗinke buhu da sallama mai tsoka, ta ba Tattalau umarni guda, ya kashe asara. Ai kuwa ya kashe ta murus. Buhu ya daina fashewa, fura ta daina tsami, ƙofar baya ta zauna a rufe har sakatarta ta yi tsatsa. Ƙungiyar masu masana'antu ta kira Hansatu ta ba ta lambar yabo, aka yi ta tafi. Ta ma lura awakin layin suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, ta ji daɗi a ranta, ta ce mutane sun fara wayewa, warin nan ma ya ragu.

Da hantsin nan tana shan shayi sai Tattalau ya yi magana ta 'yar na'urar da ke maƙale a kunnenta, da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka. Ya ce motar asibiti ta tare Layin Awaki, don haka ya karkatar da amalankensu ta hanyar tasha, kaya ba za su makara ba. Ta tambaye shi ƙofar gidan wa motar ta tsaya. Ya ce gidan Malam Haladu.

Malam Haladu shi ne hedimastansu na firamare, aminin mahaifinta, mutumin da ya riƙe hannunta ya kai ta ɗakin jarrabawa ranar da tsoro ya sa ta maƙale a gindin bishiya tana kuka. Shekarunsa sun ja, ɗansa tilo ya riga shi gidan gaskiya, daga shi sai matarsa Iya Tasalla a gidan. Amma ba ka taɓa ganinsa sai cikin farar riga da ta sha guga, hula ta sha kari, ƙamshin turare na binsa. Ko a ƙaramar sallar da ta wuce da ta je gaishe shi, sai da ya cika mata jaka da dabino sannan ya bar ta ta tafi. Ta bar shayin a nan ta fita.

A asibiti wata likita mai ƙuruciya ta tare ta a baranda ta tambayi yadda suke da mara lafiyan. Hansatu ta ce ita 'yarsa ce. Likitar ta dube ta tun daga gyale har takalmi, irin kallon da ba a saba yi wa Hansatu ba, sannan ta ce na'ura ta bincika tsohon daga kai har ƙafa, ba ciwon suga, ba hawan jini, ba ƙwayar cuta ko ɗaya.

"To me ya kayar da shi?"

"Yunwa ce, Hajiya. Ba ta jiya ko shekaranjiya ba, ta watanni. Matar ma da za ta yarda in auna ta, gado zan ba ta."

Hansatu ta ji kamar ba da Hausa aka yi maganar ba. Yunwa? A Funtuwa? A bayan katangarta, inda injinta ke niƙa abin da ake ci har wasu jihohi? Likitar ta ƙara da cewa in ya samu abinci sosai zai tashi, jikin tsohon mai ƙwari ne, amma in aka koma gidan jiya zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Ta shiga ɗakin da ƙafafu kamar ba nata ba. An cire masa babbar rigar an sa masa ta asibiti, sai ga abin da rigar ta daɗe tana ɓoyewa, damatsa kamar karan dawa, wuya duk jijiya. Allah sarki, a hakan ma sai da ya yunƙura zai tashi zaune don ya amsa gaisuwa. Ya ce zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi, likitocin zamani kuwa ba su da aiki sai ɗaga hankalin mutane. Ya tambayi ƙafar mahaifiyarta, ya tambayi kasuwa. Iya Tasalla na gefe tana jan carbi, duk abin da aka ce sai ta ce alhamdulillahi. Hansatu ta zauna, ta zauna, maganar abinci ta ƙi fitowa daga bakinta. Ta yi musu Allah ya ƙara sauƙi ta fito ta shiga mota.

Ba ta koma ofis ba, ta ce wa motar ta kai ta wurin Inna. Hajiya Dije, mahaifiyarta, tana zaune a can saman wani dogon bene a sabuwar unguwa, inda Hansatun ta mayar da ita bayan rasuwar Alhaji, ciwon gwiwa kuma ya hana ta saukowa sai da babban dalili. Ta saurari labarin tana tsinke zogale a faranti. Da aka zo kan maganar likita sai hannunta ya tsaya cak.

"Ke, ƙofar baya fa?"

Hansatu ta ce wace ƙofar baya kuma, ai an daɗe da rufe ta, tunda ba abin da ke lalacewa balle a fitar. Faranti ya suɓuce daga cinyar tsohuwa, zogale ya watse a kan darduma. Ta yi salati, ta sake yi, ta dafe kai da hannu biyu. Hansatu ba ta taɓa ganin fuskar Inna haka ba, ko ranar da aka fita da gawar Alhaji. Da ma ba ta kiran sunanta, kunyar 'yar fari, yau kuwa ko dubanta ta kasa yi.

"'Yar nan, a gidan nan fa kika girma. A ina kika taɓa ganin akuya tana shan fura?"

Sai ta warware mata komai. Lokacin da injuna suka karɓe aikin ginari, wato gidan gurzar auduga, da na masaƙa, fansho kuma ya zama abin da ba ya kai mutum tsakiyar wata, mutanen layin nan suka shiga wani hali. Tsofaffin malaman makaranta ne, da akawuna, da teloli, da matan da mazansu suka mutu suka bar musu suna mai kyau ba su bar musu komai ba. Mutane ne da suka saba bayarwa. Akwai rumfar tallafi a birni, amma sai ka bi layi, na'ura ta ɗauki fuskarka ta kira sunanka, su kuwa sun gwammace a ɗauke su a makara da su tsaya a wurin. Alhaji ya gani, bai ce wa kowa uffan ba. Ya je kasuwa ya sayo awaki, ya bi gida-gida yana roƙon a taimaka a riƙe masa kiwo, wai shi ba shi da fili. Bayan nan ne buhuna suka fara fashewa. Da yamma sai ya fito ƙofar baya da kansa yana ta faɗa a kan sakacin ma'aikata, yana roƙon maƙwabta su rufa masa asiri su kwashe tarkacen nan su ba dabbobi kafin duba-gari su zo su ci shi tara. Su kuma su fito suna ba shi haƙuri, kowa ya ɗauki buhu ya taimaki Alhaji. Garin kuwa lafiyarsa lau, furar ko tsamin kirki ba ta yi ba.

Hansatu ta tambaya me ya sa ba wanda ya gaya mata. Inna ta ce ita ma ba wanda ya gaya mata, ido ta sa ta gani. Masu ɗinke buhun ma ba a taɓa ce musu su yaga ba, sun dai lura duk wanda ya yi kwana biyu buhunsa bai fashe ba, Alhaji ba ya amsa gaisuwarsa da fara'a. Da aka sallame su kuwa sun ɗauka Hansatun ta sani, ta ga dama ne ta rufe.

"Irin wannan ba a faɗinsa," in ji Inna. "Da an faɗa ya lalace. Ni na ɗauka kin gani."

Hansatu ta miƙe zumbur. Abu ɗaya kawai take gani a idonta, damatsan Malam. Inna na kira ta tsaya ta ji yadda ake bi da irin waɗannan mutane, ina, ta riga ta kai bakin ƙofa.

A cikin mota ta yi abin da ta saba yi duk lokacin da matsala ta taso, ta miƙa wa Tattalau. Ta ce ya ciyar da Layin Awaki, kowane gida, kada ya tsallake ko ɗaya, kaya mafi kyau, ta hanya mafi sauri, kuma ya tabbatar sun shiga hannun masu su. Ya tambaye ta a wane babi zai sa kayan, tunda ba ciniki ba ne. Ta ce ya sa duk inda ya ga dama, ita dai a kai. Ya ce an gama, gobe kaya za su isa. Har ta ɗan ji sanyi a ranta, musamman da ta samu labarin Malam ya matsa wa likitoci, da safe za su sallame shi.

A nan ya kamata a fahimci yadda Tattalau yake tunani, don shi ba mugu ba ne, bai ma san mece ce mugunta ba. An ce masa mafi sauri, hanya mafi sauri a birnin kuwa ita ce ta 'yan-shawagi, ƙananan jiragen nan marasa matuƙi masu kai saƙo ƙofa-ƙofa. Ƙa'idarsu ce ɗan-shawagi ba ya sakin kaya sai ya kira sunan mai su, ya faɗi abin da ya ɗauko, ya ɗauki fuskar mai karɓa. An ce ya tabbatar sun shiga hannu, shi kuwa ya daɗe da sanin lokacin da ake samun magidantan layin a wuri ɗaya, wato in an idar da sallar la'asar. Babin da ya dace da kayan da ba saye aka yi ba, a tsarinsa, shi ne tallafin mabuƙata. Sannan a cikinsa akwai sashen talla, wanda aka gina a kan cewa duk alherin da kamfani ya yi ba a gani ba, shi ma asara ne. Asara kuwa an ce masa ya kashe ta.

Washegari da la'asar Hansatu na ofis sai ta ji wani gunji kamar na ƙudan zuma ya taso daga rufin sito. Ta leƙa ta tagar baya. 'Yan-shawagi ne garke guda, kowanne rungume da kwali mai tambarin masana'anta, suka ƙetare katanga suka jeru a saman ƙofar masallacin layin, daidai lokacin da mutane ke neman takalmansu. Ta hango Malam Haladu ya fito a ƙarshe cikin farar rigarsa yana dogara sanda. Da safen nan aka sallamo shi, amma ya ƙi yin salla a gida. Ɗan-shawagi na farko ya sauko daidai fuskarsa, lasifikarsa ta buɗe, muryar ta cika layin har tana dawowa daga jikin katanga.

"Malam Haladu, tsohon hedimasta. Tallafin abinci na mabuƙata daga Masana'antar Mudi da Iyali. A matso a nuna fuska."

Hansatu ta sandare a tsaye. Na biyu ya kira wani suna, na uku ya kira wani, sauran suka bazu ƙofofin matan da ba su da maza suna kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. A ƙofar masallaci ba wanda ya motsa. Dattawa sun sunkuyar da kai, wani da takalmi ƙafa ɗaya a hannu. Malam Haladu ne kaɗai ya ɗaga ido ya dubi abin da ke shawagi a gabansa. Ta idon na'urar fuskarsa ta fito a allon teburin Hansatu, ta ji muryarsa tar, irin wadda yake yi wa ɗalibai magana da ita a taron safe.

"A gaya wa Hajiya mun gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai mun sayar da akuyar, ba mu da mai ci."

Ya gyara hularsa ya juya, ya nufi gida a hankali. Sauran suka bi bayansa, kowa ya shige ya turo ƙofa.

Sai a lokacin bakinta ya buɗe. Ta daka wa Tattalau tsawa ya tsayar da su, ya dawo da su yanzu-yanzu. Ya ce to, ya kuma sanar da ita an riga an kira sunaye duka, ba a tsallake gida ko ɗaya ba. Tana cikin haki ta ga hasken da ke sauka a kan rufin gidajen ya canja launi. Ta ɗaga kai. Ƙaton allon tallan da ke kan hasumiyar masana'anta, wanda ke fuskantar hanyar jirgi, yana nuna ƙofofin Layin Awaki ɗaya bayan ɗaya da fuskokin masu su, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Mudi da Iyali na share hawayen mayunwata. Jirgin yamma kuwa ya zo wucewa cike maƙil da masu tashi daga aiki, ta ga hannuwa a tagogi sun ɗaga wayoyi.

Ta sa aka kashe allon, amma ina amfani, hoton ya riga ya shiga ko'ina. Kafin magariba surukai sun gani, tsofaffin ɗalibai sun gani, 'yan uwa na Zariya da Gusau suna ta bugowa suna tambayar ko gaskiya ne. Ta zagaya da ƙafa har gidan Malam, gyalen ma a hannu, ta zube a zaure tana kuka tana ba shi haƙuri. Bai ɗaga mata murya ba, da ma faɗa ya yi da ta fi jin daɗi. Ya ce ta tashi, ya san ba da mugun nufi ta yi ba, ya sa Iya Tasalla ta kawo mata ruwa. Ta roƙe shi don darajar zumuncinsa da mahaifinta ya bar ta ta riƙa kawo abinci da hannunta, ba mai gani. Ya yi murmushi ya ce ai su lafiya lau suke, ta kai wa masu buƙata.

Ba irin dabarar da ba ta yi ba. Ta sa aka ɓalle sakatar ƙofar baya, ta umarci Tattalau ya riƙa yaga buhuna. Ya tambaye ta tsawon yagar da take so, ya yi mata su reras, kowace daidai da 'yar uwarta kamar da rula aka ja. Aka jera a ƙofa, ta fito da kanta tana faɗa irin na Alhaji. Ko labule bai motsa ba a layin. Ta sayo awaki ta aika da sunan kiwo, aka dawo mata da su da godiya, wai gidajen ba fili. Ta bi ta wurin liman, liman ya sunkuyar da kai, ashe shi ma an kira sunansa ran nan. Ta ɗauko Inna a keken guragu ta kawo ta, aka karɓe ta hannu bibbiyu, aka yi hirar da, aka rako ta har mota da kayan da ta zo da su. Tsohuwa ta yi ta kuka har suka isa gida.

Ba a jima ba Malam Haladu ya rasu, a kan buzunsa, bayan sallar walha.

Hansatu ta ji labarin ta sulale ta zauna a ƙasan ofis, ido a bushe, hawayen ma sun ƙi zuwa. Abu ɗaya ya rage mata. A al'ada ba a ɗora tukunya a gidan rasuwa, maƙwabta da 'yan uwa ke kawo abinci, kuma ba a mayar da shi. Ta ce ko ba komai yau abincinta zai shiga layin nan, Iya Tasalla za ta ci, matan da suka zo zaman makoki za su ci. Wannan karon ba ta gaya wa Tattalau ba. Ta sa aka dafa a gidanta, aka zuba a kuloli marasa tambari, ta ɗauko da kanta.

A bakin layin ta yi kiciɓis da amalanken dillalai yana fita, an ɗora masa keken ɗinki, da gadon ƙarfe, da tasoshin jere irin na da. Ba ta kawo komai a ranta ba sai da ta sa ƙafa a tsakar gidan. Nan ta tsaya kamar an dasa ta.

Ba wurin taka ƙafa. Kwanoni ne da samiru tun daga bakin zaure har ƙofar ɗaki. Tuwon shinkafa da miyar taushe, nama zuƙu-zuƙu a kai. Dambu yana ƙyallin mai. Waina, da funkaso, da farfesun kaji, da fura da aka dama da nono mai kauri. Abincin da layin nan bai gani ba tun da aka rufe ƙofar baya, kai, ko a zamanin Alhaji ma bai gani ba. Duk gidan da aka kira sunansa ran nan ya aiko da nasa, kuma kowane kwano na neman ya fi na kusa da shi. Matan layin suna zaune a jikin bango cikin zannuwansu na ƙasan akwati, wuyan hannu duk ƙashi, kunnuwa da yawa ba 'yan kunne sai huda. Ba mai ci a cikinsu. Baƙin da suka zo daga nesa ake ta tura wa.

Na'urar kunnenta ta yi ɗan ƙara. Tattalau ya ce yana da albishir, cinikin kayan abinci a kantunan da ke kewaye da Layin Awaki ya yi tashin da bai taɓa yi ba, alama ce unguwar ta farfaɗo, ko ya ƙara musu kaya? Ta zare na'urar ta jefa a jaka.

Iya Tasalla na zaune a ƙofar ɗaki cikin mayafin takaba. Hansatu ta durƙusa ta yi mata gaisuwa. Tsohuwa ta amsa, ta dubi kulolin da ta zo da su, ta ce a mayar wa Hajiya da su mota, ai ta gani da idonta ba wurin ajiyewa, maƙwabta sun wadata su. Sannan ta jawo kwanon da ya fi kowanne girma, ta buɗe, ta tura gabanta, ta sa aka kawo ruwan wanke hannu.

"Bismillah, Hajiya. Ba a zuwa gidanmu a tashi haka."

Hansatu ta ɗaga kai ta ga idanun matan duka a kanta. Ta san keken ɗinkin wani ne a cikin miyar nan, ta san gadon wata ne. Ta kuma san in ta ce ta ƙoshi, ta sake kiran sunayensu a lasifika ke nan. Ta wanke hannu. Ta yanki tuwon ta kai baki, ya tsaya mata a maƙogwaro, ta tura shi da ƙarfi. Ta sake yanka. Suka zuba mata ido har ta ga ƙasan kwanon, sannan Iya Tasalla ta miƙa hannu ta ƙara mata.